Shekarar da Haliru Ya Daina Ji

Abin da kuka taso kuna ji a gidan nan shi ne wai saƙo bai iso ni da wuri ba a shekarar da yayanku Haliru ya yi sanƙarau ya rasa jinsa. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ya tsara maganar haka, ya yi ta maimaita ta har ta zauna, ni kuma na ja bakina na yi shiru domin ta yi mini daidai. To yanzu ya tafi, kakarku Inna ta tafi, Baffa Mamman da ya kawo saƙon da bakinsa shi ma ya tafi. Saura ni kaɗai da na san yadda aka yi, ga gwiwoyi sun ƙi, ga ido sai da tabarau, kuma na gaji da riƙon maganar nan. Saƙo ya iso ni ranar da ya kamata ya iso, da rana tsaka, ina tsaye da ƙafafuna, lafiyata ƙalau, akwai kuma mota a tasha. Kwana biyu na ƙara a Kalgo kafin in tashi. Dalilin kwana biyun nan zan rubuta muku, amma sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za ku gane irin wautar ba.

Ku da kuke ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna cilla su sama a gaban surukai, kuna kiran sunansu daga ƙofar gida har maƙwabta su ji, ba za ku san yadda muka yi namu ba. Ana yaye Haliru Inna ta zo daga Masama ta goya shi ta tafi, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin tambaya a ciki ba. Ɗan fari na kakarsa ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa sai dai ta tambayi lafiyar gidan gaba ɗaya ta kasa kunne ko za a ambato shi. Ni “yaron Inna” nake ce masa, shi kuma “Sista” yake ce mini kamar yadda duk garin ke cewa, saboda aikin jinya da nake yi. In mun je Masama da salla nakan zauna can gefe in yi kamar hankalina yana kan tsintar wake, alhali kuwa ina ƙirga haƙoransa in ya yi dariya, ina duba ko ya rame. Son da nake yi masa har tsoro yake ba ni. Amma ko sau ɗaya ban bari wani ya kama ni ina kallonsa ba, kuma a lokacin alfahari nake da hakan, don ana cewa matar Malam ta yi boko amma ba ta zubar da kunya ba.

Ina aiki a ƙaramin asibitin da ke Gwandu aka tura ni kwas na wata shida a Sakkwato, lokacin duk jiha ɗaya muke, a ɗakin yaran da ciwo ya yi wa tsanani. Akwai wani tsohon likita a wurin, mutum mai faɗa, wanda bai yarda ka buɗe baki ka tambayi uwa komai ba sai ka fara tsayawa ka kalli yaron. Shi ya koya mini cewa yaron da zai mutu da la'asar yakan nuna alama tun da hantsi. Numfashinsa na sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ya ƙi nono, idonsa ya faɗa, ko wuya ya sandare, ko ka tashe shi ya ƙi tashi. Ba na'ura ake bukata kafin a ga waɗannan ba. Na dawo Gwandu da takardar shaida da kai ya kumbura, ina ganin ni zan gyara duniya. Na tarar da abin da na bari, benci huɗu a baranda, gadaje shida, da tukunyar iskar numfashi guda ɗaya wadda ta ƙare tun ban tafi ba, har an mayar da ita abin tokare ƙofa. Tsarin kuma bai canza ba. Malam Garba mai kati yana zaune a bakin taga, wanda ya riga zuwa shi ke shiga, sai fa matar wani babba, ko uwar da ta fi kowa kururuwa. Da kukan uwa muke auna ciwon ɗa, ba mu ma san muna yi ba.

Ban fi wata biyu da dawowa ba wata yarinya ta zo daga wata ruga ta wajen Ceberu. Tun da safe na gan ta a ƙarshen benci, goyo a baya an rufe shi da zane, kanta a sunkuye. Goggonta da ta rako ta ta ajiye ta ta wuce cikin gari sayar da nono. Sau uku ina wucewa ta gabanta a ranar, kuma duk wucewar da na yi sai in ce a raina wannan nata da sauƙi, tunda ga ta zaune lafiya. Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Ta kwance goyon ta miƙo mini, na karɓa na ji jikin ya riga ya saki. Bai daɗe da cikawa ba, don jikinsa da sauran ɗumin bayanta. Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa a gaban mutane.

“Tun sahe kina nan zaune! Ba ki ji numhwashinai ya sake ba?”

“Na jiya,” ta ce, ba ta ɗago ba.

“To mi yah hana ki magana? Mi yah hana ki tashi ki kira ni?”

Ta amsa da wata ƙaramar murya.

“Na hwari na, Sista.”

Ɗan fari ne, shi ke nan bayanin. Ta ji yaron yana mutuwa a bayanta, ta san yana mutuwa, amma ta tashi a cikin taron mata ta ɗaga murya a kan ɗan fari, wannan ya fi ƙarfinta, mai yi mata maganar kuma tana can tana auna nono. Matan da ke bencin duk suka gyaɗa kai, ba wadda ta ga laifinta. Ni ma na gane maganar sarai.

Daga ranar na ɗauki aniyar cewa ba za a sake zama a jira uwa ta yi kuka ba. Wani zai riƙa bin benci tun da safe, goyo bayan goyo, ya ɗaga zane ya duba da idonsa, ya tambaya ko na fari ne, in an ce e ya sake dubawa. Faɗar abin da sauƙi. Na fara da ma'aikatan jinya biyu da muke tare, na kwashe watanni ina koya musu abin da na koyo, yadda ake kwantar da yaro mai jijjiga a gefensa a hana a cusa masa cokali a baki, yadda ake samun jijiya a hannun da ya bushe, yadda ake zura siririn tiyo ta hanci a ba da ruwan gishiri da sukari in yaro ya kasa haɗiya. Suna fara iyawa takarda ta zo daga sama, aka ɗauke ɗaya, bayan damina aka ɗauke ɗayar. Aka kawo sababbi na koma farko. Wannan shi ne aikin da na yi har na yi ritaya, in kuna son sani, in cika tulu a zo a ɗauke a ajiye mini wani babu komai a ciki. A karo na uku na zauna na tambayi kaina, wai su wa ne ba a taɓa yi wa canjin wurin aiki? Amsar tana gabana riƙe da tsintsiya. Tumba mai shara, bazawara, ta haura hamsin, ta riga kowa zuwa asibitin nan kuma ba wanda zai tuna da ita balle ya ɗauke ta.

“Ni ko alif ban sani ba,” in ji ta. “Mi za ni koya da tsuhwana?”

“Kina da ido?”

“Awo, biyu.”

“Kina da tasbaha?”

Ta laluba ƙugu ta zaro ta. Na ƙulla jan zare a ƙwaya ta arba'in, baƙi a ta hamsin. Na tsayar da ita gaban agogon bango na nuna mata siririn hannun nan mai gudu. Yaro ya ja numfashi ɗaya, ta ja ƙwaya ɗaya, har hannun ya zagayo inda ya tashi. In jariri ne ya kai baƙin zare, ko wanda ya fara tafiya ya kai jan, ta ɗauko shi ta kawo mini ko wa ke gabana. Sauran alamomin kuwa ashe ta fi ni saninsu, ta wanke gawar yara da yawa, suna kawai ba ta san ana ba su ba. Wanda ya ba ni wahala Malam Garba ne.

“Sista, layi layi na,” yakan ce. “Wanda yar riga zuwa shi ka shiga. In mai shara ta ɗauko ɗan wata daga baya ta wuce da shi, wa ka shan zagi? Ni na, ba ke ba.”

Gaskiyarsa ce, ya sha zagi, ni ma na sha. An kai ƙarata wai na ɗora mai shara a kan matan manya, aka kira ni ofis aka yi mini nasiha mai tsawo, na ce to, na dawo na ci gaba. Sai da Tumba ta tsamo jikan wani mai unguwa daga ƙarshen benci, yaron ya rayu, sannan surutu ya lafa. Malam Garba da kansa ya koma yana leƙowa ta taga yana kiranta in ya ga goyon da ya yi shiru da yawa. Ban ce mun daina rasa yara ba. Mun rasa da yawa, wasu don ba magani, wasu don ba jini, wasu don ba motar da za ta kai su gaba. Amma a kan bencin nan, a bayan uwa, ban sake karɓar gawa ba.

Da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato aka shiga rabon ma'aikata, kowa da takardarsa a hannu, tawa ta ce Kalgo. Ranar da na karanta ta ban yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mini tun daga wuya. Mahaifinku ya nemi a mayar da shi wata makaranta a can, muka kwashe ku ƙanana muka tafi, Haliru yana Masama wajen Inna, shekararsa takwas. A Kalgo na tarar da benci, da taga, da mai kati, da uwaye masu shiru, kamar ban taɓa yin komai a duniya ba. Wannan karon na ce ba asibiti kaɗai zan tsaya ba, don yaran ƙauye kafin su iso sun riga sun gama. Na so a tara mini ungozomomi da masu kula da ɗakunan shan magani na ƙauyuka, kwana uku kacal, in nuna musu abin da za su gani su ce a ɗauki yaro yanzu. Fiye da shekara ina bin wannan magana. A ce shugaba ya yi tafiya, a ce a bari a gama girbi, a ce a bari a sha ruwa. Har na fitar da rai, sai ga izini a tsakiyar bazara, lokacin da sanƙarau ya fara ɗaukar yara ɗai-ɗai a ƙauyuka. Mutum tara suka zo, huɗu daga Dangoma, wata tsohuwa a cikinsu da ƙafa ta tako.

Ranar farko, Laraba, muna cikin aji na aro a makarantar firamare, ina riƙe da 'yar tsana ina nuna musu yadda ake gwada wuya, aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da Baffa Mamman, yayan mahaifinku, a gindin darbejiya. Ya zo sayen buhunan shinkafa ne ya biyo. Ɗalibaina suka fito gaishe shi, suka tsaya a bayana. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce:

“Inna na gaishe ku. Yaron nan nata na ba shi jin daɗi, tun jiya. Jiki da zahi, shina kukan kai, ya yi amai. Ta ce wuyan ma ba shi son a taɓa, wataƙila kwanciya ta yay yi ba daidai ba.”

Ku tuna abin da nake koyarwa minti biyar kafin nan. Zazzaɓi, ciwon kai, amai, wuya, a cikin bazara. Ko mai koyo na rana ɗaya ya san sunan wannan ciwo, balle ni. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in tashi in ce Yaya, sanƙarau ne, mu tafi yanzu. Amma yayan mijina ne tsaye a kaina, ga mata tara a bayana, kuma yaron da ake magana ɗan fari ne. Na ji bakina yana cewa:

“Allah shi sawwaƙe. Ya su Inna da zahin ga?”

“Lahiya lau.”

“A gaishe su. In jikin bai yi sauƙi ba, a gwada kai shi Gwandu.”

A gwada. Haka na faɗa, a hankali, kamar ina ba da shawara a kan ɗan maƙwabta. Baffa Mamman ya duba fuskata, ya ga ma'aikaciyar asibiti ba ta damu ba, hankalinsa ya kwanta. Shi ya sa bai koma ranar ba, ya tsaya ya gama harkar shinkafarsa. Ya kuma gaya wa Inna da ya isa cewa Sista ta ce ba wani abu ba ne. Ban faɗi haka ba, amma fuskata ta faɗa, ba zan ɗora masa laifi ba.

Da la'asar mahaifinku ya dawo daga makaranta, na kawo masa ruwa. Shi ma ɗansa ne na fari, shi ma kunyar ta ɗaure shi, kada ku manta da wannan in kuna tuna shi da ƙaryar da ya yi domina.

“Kin ga Yaya ya zaka?”

“Na gane shi.”

“Ya ce jikin yaron Inna.”

“Haka yac ce.”

Ya juya kofin a hannunsa. Ni ina jira ya ce tashi ki tafi, don in ce umarnin miji na bi. Shi yana jira in ce ciwon mai haɗari ne, don ya ce maganar asibiti ya bi.

“To, Inna na nan ai,” ya ce.

“Tana nan.”

Iyakar shawarar da muka yi ke nan a kan ran ɗanmu. Na gaya wa kaina abubuwa da yawa. Na ce na sha wahala kafin in tara mutanen nan, in na watsa su ba za su sake taruwa ba, kuma wannan gaskiya ne. Na ce yaran Dangoma ma 'ya'yan wasu ne, wannan ma gaskiya ne. Amma kada wani a cikinku ya ce aiki ne ya riƙe ni, musamman ke Nafisa da kika bi sawuna kike neman abin kare ni da shi. Da ke ce aka ce kin sandare wuya a Masama, da 'yar tsanar nan a ƙasa zan yar da ita in bi hanya ko mayafi babu, kuma ba wanda zai ce komai. Abin da na kasa shi ne a gan ni ina gudu saboda shi, a ce a Masama matar Malam ta baro aiki afujajan don ɗan fari ya yi zazzaɓi.

Washegari, Alhamis, na koma aji. Darasin ranar shi ne labarin yarinyar Ceberu, don a kowace koyarwa sai na ba da shi. Na ba da shi tsaf, yadda na saba, har wasu suka share hawaye. Na ce musu kada su taɓa yarda da shirun uwa. Tsohuwar nan ta Dangoma ta tsura mini ido ta ce:

“Sista, wanda anka zaka da maganatai jiya, ba naki na ba?”

“Na kakarshi na,” na ce. “Mu ci gaba.”

Ranar Juma'a da safe na haɗa darasin yini guda cikin awa biyu, na sallame su, na ce wa mahaifinku zan je Gwandu karɓo wasu takardu. Ko a nan sai da na nemi wata hujja. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai tambaye ni waɗanne takardu ba.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi, daga bakin Inna da na Tumba. Inna ta yi iya abin da ta sani, rubutu, hayaƙi, shafa mai a wuya. Ranar Alhamis ya daina gane mutane, da safiyar Juma'a ya fara jijjiga, sannan aka samo mota aka kawo shi Gwandu. Inna kuma, da irin tata kunyar, ba ta ce ita surukar Sista ba ce, kada a ce ta zo cin albarkacin suruka. Ta karɓi kati ta zauna a ƙarshen benci da shi kwance a cinyarta, an lulluɓe shi. Tumba ce ta zo bin layi da tasbaharta, ta ɗaga zanen, ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa, kai da kafaɗu suka taso tare kamar katako. Ba ta tsaya neman kowa ba, ta saɓa yaro mai shekara tara a kafaɗa, da tsufanta, ta shige da shi. Sabon ma'aikacin da ke wurin ya yi masa allura nan take. Ni na iso bayan an sauko daga masallaci. Tumba na fara gani, a baranda, tana wanke roba. Ba ta gaishe ni ba, ita da ko sau goma muka haɗu a yini sai ta gaishe ni.

“Sai yanzu, Sista?”

“Ina da baƙi, Tumba. Kwas ɗin nan da nid daɗe ina nema.”

“Yaushe kij ji?”

Na so in yi mata ƙarya, na kasa.

“Laraba.”

Ta matse tsumman hannunta ta shanya a kan waya.

“Ke kic ce muna in uwa ta yi shiru mu ɗaga zane mu duba. To ke wa ka zuwa Kalgo shi ɗaga naki?”

Ban taɓa ba ta amsa ba har ta bar duniya. Shekara goma sha ɗaya na ƙara ina wannan aiki, na koyar da mutanen da ban iya tuna yawansu ba, aka ɗauke wasu, wasu suka manta, wasu suka riƙe. Kun ga masu zuwa gaishe ni da salla da 'ya'ya a hannu suna cewa ni na cece su, ina amsawa ne kawai don kada in kunyata su. Sau da yawa likitoci sun ce mini sanƙarau kan tafi da ji ko an kama shi da wuri, kuma haka ne, na gani da idona. Amma ni ce na yi shekaru ina gaya wa mutane cewa a ciwon nan awa ɗaya ma abu ce, ba zan zo kan kaina in canza magana ba. Ban sani ba ko da na tashi ranar Laraba zai tsira da kunnensa. Na dai san ban tashi ba. In kun gama haɗa takardun nan da nake rubuta muku, wannan babin a fara kai wa Haliru shagonsa na ɗinki, ya karanta shi kaɗai kafin kowa, don shi ke da hakki a kai, kuma ba ni da wata hanyar gaya masa sai wannan.

Kwana biyar ya yi bai san inda yake ba. Ina shiga ina fita a matsayin ma'aikaciya, ina duba ƙarin ruwa, ina juya shi, Inna na zaune a gefen gado a matsayin mai ɗa. A rana ta shida da hantsi zazzaɓin ya sauka. Inna ta fita wanke kwanoni, sauran gadajen masu jinya na waje, ɗakin ya rage daga ni sai shi. Yana kwance ya ba ni baya, fuskarsa na kallon bango, na ga yana motsa yatsu yana bin wata tsaga a jikin siminti. Ya farka. Na duba ƙofa na ga ba kowa. Na matso, na sunkuya, na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa suna.

“Haliru,” na ce, a hankali.

Yatsansa ya ci gaba da bin tsagar. Na ɗauka rauni ne ya hana shi juyowa, na ƙara murya.

“Haliru.”

A karo na uku ban san da irin ƙarfin da na kira ba, sai da na ga Tumba da Inna tsaye a bakin ƙofa, Inna da kwano a hannu yana ɗigar ruwa, har mutanen baranda sun leƙo. Kowa a asibitin nan ya ji ni. Na sa hannu na taɓa kafaɗarsa, ya zabura ya juyo. Ya gan ni ya yi murmushi, leɓɓansa duk sun tsage, ya yi magana da ƙarfi sosai, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa.

“Sista! Yaushe kiz zaka?”

Na ce masa na makara. Na ce masa tun Laraba na ji, ban zo ba. Na faɗa duka, a gaban kakarsa, ban rage komai ba. Shi kuwa ya zuba wa bakina ido, da sauran murmushin a fuskarsa, yana jira in fara magana.